Kiwon kifin tirawut a kududdufin bayan gida da ƙorama

Tirawut kifi ne na ruwan sanyi, dangin kifin salmon, kuma ana kiwonsa a manyan gonaki na kasuwanci, sannan akwai masu kiwonsa ɗan kaɗan a bayan gida, wato mutum ya haƙa kududdufi a filinsa ya jawo masa ruwa daga idon ruwa ko wata ƙorama da ta ratsa ta wajen, ya zuba kifi dan cin gida ko dan nishaɗin kamu da ƙugiya. Irin wannan ƙaramin kiwo an fi yinsa a ƙauyukan arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen Turai, da yankunan tsaunuka na wasu ƙasashen. Gaba ɗaya harkar a kan ruwa ta tsaya, in ruwan na da sanyi kuma yana gudu to an gama da rabin wahala, in kuwa babu wannan ko nawa mutum zai kashe a abinci da magani kifin ba zai zauna ba.

Ire-irensa

Kala uku aka fi kiwo. Akwai mai bakan gizo, wanda masana ke kira Oncorhynchus mykiss, yana da wani jan layi a gefen jikinsa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, asalinsa kogunan da ke zuba a tekun Pasifik ne ta yammacin Amurka ta Arewa har zuwa yankin Kamcatka na Rasha. Shi ne kusan kowa ke farawa da shi saboda yana karɓar abincin buhu ba gardama, yana girma da wuri, kuma ya fi sauran haƙuri da cunkoso. Sai mai ruwan ƙasa, Salmo trutta, ɗan asalin Turai da yammacin Asiya, har a tsaunukan Atlas na Maroko akwai shi, wannan yana da wayo da tsoro, kamunsa da ƙugiya akwai wuya, kuma in ya girma ya riƙa sai ya koma cin ƙananan 'yan uwansa, dan haka ba kowa ke son sa shi a ƙaramin kududdufi ba. Na ukun shi ne na ƙorama, Salvelinus fontinalis, daga gabashin Amurka ta Arewa, shi ya fi kowa son sanyi.

Yanda aka fara

A ƙarni na 18 wani Bajamushe mai suna Stephan Ludwig Jacobi ya gano cewa in aka matse ƙwai daga cikin macen tirawut aka haɗa da ruwan namijin a mazubi, ƙwan zai ƙyanƙyashe ba sai a rafi ba. Abin ya ɗan kwanta har sai shekarun 1840 da wasu masunta biyu a tsaunukan Vosges na Faransa, Remy da Géhin, suka sake gano dabarar da kansu, daga nan gwamnatin Faransa ta buɗe gidan ƙyanƙyasa a Huningue a 1852. A Amurka kuma Seth Green ya buɗe nasa a Caledonia ta jihar Niyu Yok a 1864, kuma a wannan shekarar dai aka kai ƙwan mai ruwan ƙasa daga Ingila har tsibirin Tasmaniya na Ostareliya ta jirgin ruwa, an lulluɓe shi da gansakuka da ƙanƙara. Wannan ɗin ne sirrin yaɗuwar kifin a duniya, ƙwansa in an sanyaya shi yana jure doguwar tafiya. A 1883 mai ruwan ƙasa ya shiga Amurka daga Jamus, shi kuma mai bakan gizo aka riƙa kwasar ƙwansa daga kogin McCloud na Kalifoniya ana rabawa ƙasashe. Mutanen Denmak ne suka yi fice wajen kiwonsa a kududdufan ƙasa tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma tsarin nasu na jawo ruwan rafi ya ratsa kududdufi ya fita ta ɗaya gefen shi ne dai har yau mai kiwon bayan gida ke kwaikwayo. Yanzu Iran da Turkiyya suna sahun gaba a kiwonsa cikin ruwan daɗi, a Amurka kuma fiye da rabin wanda ake sayarwa dan ci daga jihar Idaho yake fitowa, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga duwatsun gefen kogin Snake da sanyinsa wajen digiri 15 rani da damina ba ya canzawa.

Maganar ruwa

Nan ne gaskiya ya kamata mai sha'awa ya tsaya ya natsu. Tirawut ya fi girma in zafin ruwa na tsakanin digiri 12 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos. Da ya haura 20 sai kifin ya fara rage ci, ya shiga takura, in ya kai 24 zuwa 25 kuma ya daɗe a haka to mutuwa ce. In ruwan ya yi sanyi ƙwarai kusa da daskarewa ba ya mutuwa, sai dai cin abinci ya ragu girma ya tsaya cak har yanayi ya sassauta.

Dalilin da ya sa zafi ke kashe shi abu biyu ne suke haɗuwa a lokaci ɗaya. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin, a digiri 10 lita ɗaya na iya ɗaukar wajen miligiram 11, a digiri 25 kuwa bai fi 8 da ɗoriya ba, sannan shi kifin da jikinsa ya ɗumama sai buƙatarsa ta iskar ta ƙaru, ka ga kenan iska na raguwa buƙata na hawa. Tirawut na son oksijin ya wuce miligiram 6 a lita, in ya sauka ƙasa da 5 za ka gan su sun taru a bakin bututun da ruwa ke shigowa ko sun taso sama suna haki. Wanda ya saba da kiwon tarwada zai yi mamakin wannan, dan ita tarwada tana da wata halitta a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya gurɓace ko a cikin taɓo, tirawut ba shi da wannan gatan kwata-kwata, in iskar cikin ruwa ta ƙare ko na awa ɗaya ne ana iya wayar gari a tarar da su duka sun juya ciki sama.

Saboda haka ake lissafin yawan kifi da yawan ruwan da ke shigowa, girman ramin ba shi ne ma'auni ba. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne lita ɗaya a minti ga kowane kilo ɗaya na kifi in babu injin hura iska. Wato mai ƙaramin idon ruwa da ke ba da lita 40 a minti kar ya wuce kilo 40 na kifi a ciki, kuma lissafin da ruwan watan da ya fi kowane wata zafi da ƙarancin ruwa ake yi, dan a wannan watan ne ake asara. Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce mutum ya sayi ma'aunin zafi mai arha ya yi shekara guda cur yana auna ruwan nasa, sama da ƙasa, safe da la'asar, kafin ya sayi ɗan kifi ko ɗaya. Mutane da yawa ba sa yin wannan haƙurin, suna ganin ruwa garai-garai a watan sanyi sai su zuba kifi, zafi na shigowa su kwashe gawa.

Ruwan idon ruwa da na rijiyar burtsatse suna da sanyi mai ɗorewa amma sau da yawa suna fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin, sai an bar su sun zubo ta kan duwatsu ko matakala sun fantsama sun sha iska kafin su shiga wajen kifi. Ruwan ƙorama shi kuma yana da iska amma yana ɗumama da rana, yana kawo laka da ambaliya, kuma duk abin da maƙwabcin da ke sama ya zuba, taki ne ko maganin feshi, kai zai iso wa.

Gina kududdufin

In kududdufin ƙasa ne wanda ruwan ba ya gudu sosai, ana so ya yi zurfi, mita 2 zuwa 3 ko fiye a wani ɓangare, dan ƙasan ya zauna da sanyi lokacin zafi, gefensa kuma ya yi gangare sosai kar a samu wajen da ruwa bai kai gwiwa ba inda rana za ta dafa shi ciyayi su cika. Inuwar bishiyoyi na taimakawa amma ganyen da ke zuba yana ruɓewa ya cinye iska. Wasu kuma suna gina dogon kwali na siminti mara faɗi, ruwa ya shiga ta kai ya fita ta ƙarshe, wannan ya fi ɗaukar kifi da yawa kuma wankinsa da sauƙi.

Abin da masu ilimin harkar ke hanawa shi ne datse ƙoramar kanta a mayar da ita kududdufi. Ya fi kyau a haƙa a gefe, a jawo wani kaso na ruwan ta bututu mai raga a baki, a mayar da shi ƙoramar ta ƙasa. In ka datse, ambaliya ɗaya za ta cika maka ramin da yashi ta tafi da kifin, ga shi ka tare wa kifin daji hanya, ga ruwan da ka tsayar ya ɗumama ya sauka wa na ƙasa da kai. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa akwai wata matsalar kuma, in ƙanƙara ta rufe saman kududdufi dusar ƙanƙara ta hau kai haske ba ya shiga, iska ta ƙare a ƙasa, dan haka ake barin injin hura iska yana aiki ya hana wani wajen rufewa.

Zubi da ciyarwa

Galibin masu kiwon gida ba sa ƙyanƙyasa da kansu, 'ya'yan kifi suke saya masu tsawon ɗan yatsa ko fiye daga gidan ƙyanƙyasa mai lasisi, a kawo su lokacin sanyi, a ajiye ledar a kan ruwan kududdufin na ɗan lokaci har zafinsu ya daidaita sannan a sake su. Kuma sai an riƙa sake zubi duk bayan shekara biyu ko uku, tunda mai bakan gizo da mai ruwan ƙasa ba sa haihuwa a ruwan da ke tsaye. Macen tana buƙatar tsakuwa mai tsabta da ruwa ke ratsawa, ta share gurbi da jelarta ta zuba ƙwai namiji ya bi ta kai, ta rufe da tsakuwa, in laka ta toshe tsakanin tsakuwar ƙwan ya shaƙe ya mutu. Wanda ke da ƙorama mai irin wannan shimfiɗa shi kam yana iya ganin 'ya'ya. Mace na yin ƙwai wajen 2000 a kowane kilo na nauyinta, kuma a ruwa mai digiri 10 ƙwan mai bakan gizo na ƙyanƙyashewa cikin wata guda da 'yan kwanaki, ɗan ya fito da jakar gwaiduwa a cikinsa yana ci daga ita kafin ya taso neman abinci.

Tirawut macin nama ne, a daji ƙwarin ruwa da tsutsotsi da ƙananan kifi yake ci. In an zuba kaɗan ne, 'yan ɗaruruwa a eka guda, abin da ke cikin kududdufin na iya riƙe su. In an fi haka sai abincin buhu mai furotin kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, ana ba su kamar kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsu a rana gwargwadon girmansu da sanyin ruwa. Mai shawagi a sama ya fi, dan kana ganin abin da suka ci da abin da suka bari. A gona mai kyau kilo ɗaya da ɗan ɗori na abinci na ba da kilo ɗaya na kifi, kuma cikin shekara guda ko da 'yan watanni ya kai giram 250 zuwa 400, girman faranti kenan. Yawan ba da abinci ya fi ƙarancinsa illa, ragowar na ruɓewa ta ƙara amoniya mai cutar da kifi ta ja iska, kuma ranar da ruwa ya ɗumama gara a hana su abincin gaba ɗaya saboda narkar da shi ma iska yake ci. Jan naman da ake gani a na kasuwa daga wani sinadari ne, astazantin, da ake sawa a abincin, a daji kuma daga jatan lande da danginsa kifin ke samunsa. Ana gasa shi, ana soyawa, a Turai kuma ana yawan yi masa banda da hayaƙi.

Maƙiya da cututtuka

Zalɓe shi ne babban ɓarawo, yana tsayawa a inda ruwa bai da zurfi ya yi ta tsinta da asuba, sai karen ruwa wanda in ya gano waje yana iya ƙarar da shi cikin 'yan darare. Raga a sama, shinge a gefe, da gefen rami mai zurfi su ne maganin. Cututtuka kuma yawancinsu bayan takura suke zuwa, ruwa ya yi zafi ko cunkoso ya yi yawa sai farin ɗigo ko wani farin gansakuka kamar auduga ya bayyana a jiki. Wadda ta fi suna ita ce cutar juyi, wata ƙwayar halitta ce mai suna Myxobolus cerebralis da ke cin guringuntsin ƙaramin kifi har ya riƙa zagaye yana bin jelarsa, tana zama a jikin wata ƙaramar tsutsar laka kafin ta shiga kifi, shi ya sa ƙananan 'ya'ya suka fi tsira a kwalin siminti fiye da ramin ƙasa. Daga Turai ta shiga Amurka a shekarun 1950, kuma a shekarun 1990 ta kusa ƙarar da mai bakan gizo a wani sashe na kogin Madison da ke jihar Montana. Ba ta kama mutum.

Doka da tserewar kifi

A yawancin jihohin Amurka da ƙasashen Turai sai da izini ake zuba kifi a kududdufi ko a taɓa ruwan ƙorama, ko da a filinka take. Wannan doka tana da hujja mai ƙarfi, dan mai bakan gizo da mai ruwan ƙasa duk suna cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna in sun shiga muhallin da ba nasu ba, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar. A Niyu Zilan da Afirka ta Kudu sun cinye ƙananan kifayen asali a rafuka da dama. Shi ya sa wasu hukumomi ba sa yarda sai da irin da aka yi wa dabara tun yana ƙwai ya zama ba ya haihuwa, kuma dole a sa raga a mafitar ruwa.

A Afirka

Kudu da Sahara, galibi Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi dan kamun nishaɗi. Ya shiga Afirka ta Kudu a shekarun 1890, Kenya kuma a 1905 inda aka zuba shi a kogin Gura na tsaunukan Aberdare, kuma har yau akwai ƙananan gonakinsa a gindin dutsen Kenya. Akwai shi a Nyanga ta Zimbabuwe da tudun Zomba na Malawi da tsaunukan Bale na Habasha, a Lesoto ma ana kiwonsa cikin keji a madatsar ruwa ta Katse har an fitar da shi Japan. Duk waɗannan wurare masu tsayi ne sosai inda ruwa ke saukowa daga tsauni da sanyinsa. A filayen ƙasar Hausa kuwa ruwan kududdufi na wuce digiri 25 a mafi yawan watannin shekara, sanyin hunturu na 'yan makonni ba zai kai kifin girman ci ba, sanyaya ruwa da inji kuma kuɗin wuta da man janareta sun fi ƙarfin abin da kifin zai kawo, dan haka a nan tarwada da karfasa su ne suka dace da ruwan da ake da shi.