Mene Ne Zaizayewar Ƙashi, Kuma Wa Ta Fi Kamawa?

Zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, yanayi ne da ƙashi ke rasa nauyi da ƙwari har cikinsa ya zama ramuka-ramuka kamar itacen da gara ta ci, ta yadda ƙaramar faɗuwa za ta iya karya shi. Jiki kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Har zuwa wajen shekara 30 ginin ne ke rinjaye, daga baya kuma rushewar ke fin ginin sauri. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni: idan na'urar auna ƙashi, wadda ke kwatanta ƙwarin ƙashin mutum da na matashi mai lafiya, ta nuna maki −2.5 ko ƙasa da haka, to cutar ta tabbata.

Tsufa ne babban dalili, amma ba kowa yake ci daidai ba. Mata sun fi shiga haɗari saboda sinadarin estirojin, wanda ke taka wa rushewar ƙashi birki, yana raguwa sosai idan jinin al'ada ya ɗauke, musamman ga wadda nata ya ɗauke kafin shekara 45. An ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin 3 da namiji ɗaya cikin 5 da suka haura shekara 50 za su samu karaya saboda wannan cuta, don haka kuskure ne a ɗauke ta ciwon mata kaɗai. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka taɓa karyewa a ƙugu, da mai tsananin rama, su ma suna sahun gaba. Shan taba, yawan giya, rashin motsa jiki da ƙarancin kalsiyam da bitamin D duk suna ƙara ta'azzara lamarin.

Abin da aka fi yin sakaci da shi, a ganina, shi ne illar wasu magunguna ga ƙashi. Mai asma ko amosanin gaɓoɓi da ya shafe fiye da wata 3 yana haɗiyar ƙwayoyin rage kumburi irin su prednisolone, ƙashinsa na iya zaizayewa da sauri ko da matashi ne, sai dai dakatar da su kwatsam ma haɗari ne, dole sai da shawarar likita.

Cutar ba ta zuwa da zafi tun farko. Sau da yawa sai tsoho ya dafa ƙasa ya karye a wuyan hannu, ko tsawonsa ya ragu bayansa ya fara ranƙwafawa saboda ƙasusuwan gadon baya sun lotsa, sannan a gano ta.