Waiwaye: Yadda Kwatano da Lome ke takarar kayan Nijar

Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka duk kwantenar da za ta shigo mata sai ta fara sauka a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa. Tun zamanin Turawan Faransa hanyar Kwatano ta ƙasar Benin aka shimfiɗa mata: jirgin ƙasa ya kai kaya Parakou, manyan motoci su kwasa zuwa Malanville da ke bakin iyakar Benin da Nijar, su tsallaka gadar kogin Kwara su shiga Gaya. Tashar Kwatano ta fara aiki a 1965, ta Lome a Togo ta biyo baya a 1968.

Amma ba cinikin Nijar kaɗai ya ciyar da Kwatano gaba ba, kasuwar Najeriya ce. Cunkoson tashar Apapa ta Legas, tsadar kuɗin fito da haramta shigo da wasu kayayyaki sun sa 'yan kasuwa suka karkata can. A takarda kayan na Nijar ne, amma shinkafa da gwanjo da motoci 'yan Kwatano sai su sauka Maraɗi, su sulale ta Jibiya har Kano. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Kwatano ta ji a jikinta.

Ita kuwa Lome zurfin ruwa ta kama. A 2014 ta buɗe sabon wurin sauke kwantenoni mai zurfin sama da mita 16, inda manyan jiragen kamfanin dakon kaya na MSC ke sauke kaya a rarraba wa maƙwabta. Ghana ma ta faɗaɗa tasharta ta Tema a 2019, Najeriya ta buɗe tashar Lekki a Legas a 2023.

Sai ga juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar. Takunkumin ECOWAS ya rufe gadar Malanville, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, Yamai ta ƙi buɗe nata ɓangaren. Kaya suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi nisa, ga hatsarin 'yan bindiga, direbobi su yi makonni suna jiran a tashi. A ganina nan ne abin takaicin yake, domin duk ƙarin kuɗin mota a kan mai sayen kwanon shinkafa yake sauka.

Najeriya na fatan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai janyo kayan Nijar zuwa Legas. Sai dai ɗan kasuwar Maraɗi ba zai yi na'am ba sai ya ga kwantenarsa ta fita daga Apapa cikin kwanaki, ba tare da shingayen karɓar na goro a hanya ba.