Labaran Binciken Sirri na Yara da Matasa

Labarin binciken sirri nau'i ne na ƙagaggen labari da ake ginawa a kan tambaya guda: wa ya aikata, kuma ta yaya? Wani abu ya yi ɓatan dabo, ko an ga haske a gidan da aka daɗe da rufewa, ko an tsinci wasiƙar da ba a san mai ita ba. Daga nan sai wani ya duƙufa bin diddigi, yana tattara alamu, yana auna maganar kowa, har gaskiya ta yi halinta. A reshen da ake rubuta wa yara da matasa, mai binciken yaro ne ko gungun yara, laifin kuma galibi sata ne ko damfara ko fasa-ƙwauri, ba kisan kai ba kamar yadda aka saba gani a na manya. Wannan reshe yana cikin manyan ƙofofin da yara ke bi su shiga karatun nishaɗi, wato karatun da mutum ke yi don ransa yana so, babu jarrabawa a gaba, babu wanda ya tilasta masa.

Asali

Masana adabi sukan danganta farkon wannan nau'i ga Edgar Allan Poe, marubuci ɗan Amurka, wanda ya fitar da "The Murders in the Rue Morgue" a 1841. Wanda ya kai shi ko'ina a duniya kuwa shi ne Arthur Conan Doyle na Birtaniya, da tauraronsa Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887. Tun a littafin farko akwai yara a cikin aikin: wasu yaran titi na Landan da Holmes ke biya su zaga gari su kawo masa labari, domin suna shiga inda ɗan sanda ba zai shiga ba, suna jin abin da ba za a faɗa a gaban babba ba. Wannan hujja ita ce har yau ke riƙe da labaran yara masu bincike. Ba a ɗaukar yaro a bakin komai, don haka ba a ɓoye masa komai.

Littafin da ya mayar da yara su zama masu binciken da kansu, wanda kuma ake yawan ambata a matsayin zakaran gwajin dafi, shi ne "Emil und die Detektive" na Erich Kästner, da ya fito a Jamus a 1929. Emil yaro ne da mahaifiyarsa mai gyaran gashi ta ɗora a jirgin ƙasa zuwa Berlin wurin kakarsa, ta ba shi mak 140 (kuɗin Jamus na wancan lokaci), kuɗin da ta sha wahala kafin ta tara. Don tsoron kada su faɗi, sai ya soke ambulan ɗin da allura a cikin rigarsa. Barci ya kwashe shi, ya farka babu kuɗi, babu mutumin da ke zaune kusa da shi. Ya bi sawun mutumin cikin birnin da bai sani ba, yaran unguwa suka tara masa, suka yi wa ɓarawon ƙawanya har cikin banki inda ya je canza kuɗin. A nan aka zo ga maganar shaida: yaro ya ce nasa ne, babba ya ce ƙarya ne. Sai Emil ya tuna da allurar, ya ce a duba, za a ga huda a jikin kowace takarda. Aka ɗaga su a haske, ga ƴan ƙofofin nan.

Wannan allura ta isa misali ga duk wanda ke son fahimtar yadda nau'in yake aiki. Mai karatu ya ga lokacin da aka soke ta tun a farkon labari, har ya ga ta soki yatsan yaron, amma bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Da ta dawo a ƙarshe, ba ya jin an yaudare shi. Abin da yake ji shi ne: ai kuwa na gani, me ya sa ban lura ba?

Jerin littattafai

A Amurka harkar ta zama sana'a sosai. Edward Stratemeyer ya kafa kamfanin da ke tsara ƙashin labari, ya ba marubutan haya su cike shi, a buga da sunan aro guda. Ta haka aka samu jerin Hardy Boys a 1927 da sunan Franklin W. Dixon, da Nancy Drew a 1930 da sunan Carolyn Keene, alhali babu mutum mai ɗaya daga cikin sunayen nan. Leslie McFarlane ɗan Kanada ne ya rubuta yawancin na farko-farkon Hardy Boys, Mildred Wirt Benson kuma ta rubuta 23 daga cikin 30 na farkon Nancy Drew. An daɗe ba a san da aikinta ba, ko da yake ita ce ta ba yarinyar ƙarfin hali da kaifin bakin da suka sa ƴan mata suka riƙe ta.

A Ingila, Enid Blyton ta rubuta littattafai 21 na Famous Five tsakanin 1942 da 1963, da 15 na Secret Seven. A Suwidin, Astrid Lindgren ta fito da yaro mai bincike Kalle Blomkvist a 1946. A Japan, Edogawa Ranpo, wanda ya aro sunan alƙalaminsa daga lafazin sunan Poe, ya fara labaran ƙungiyar yara masu bincike a 1936, kuma daga sunansa da na Conan Doyle aka haɗa sunan Conan Edogawa, yaron da ke cikin labarin zane na Gosho Aoyama da ya fara fita a 1994. A Indiya, Satyajit Ray ya ƙirƙiro mai bincike Feluda da harshen Bengali a 1965, a mujallar yara ta Sandesh.

Yadda ake ƙulla labarin

Ginshiƙin nau'in shi ne adalci tsakanin marubuci da mai karatu. A 1929 Ronald Knox, marubuci ɗan Ingila, ya jera ƙa'idoji goma na labarin bincike, waɗanda ruhinsu shi ne kada mai bincike ya san abin da aka ɓoye wa mai karatu, kuma kada a warware ƙulli da tsafi ko sa'a tsagwaronta. An yarda marubuci ya ɓad da sawu, ya sa a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, ya binne alamar gaskiya a tsakiyar zancen da ba shi da alaƙa. Ba a yarda ya fito da mai laifi daga sama a shafin ƙarshe ba. Yara sun fi manya tsanani a kan wannan, ba sa yafe wa littafin da ya yi musu maguɗi.

Donald Sobol ya kai wannan wasa maƙura da jerin Encyclopedia Brown da ya fara a 1963. Kowane babi gajeren labari ne da ke tsayawa cak kafin amsa, amsar kuma tana bayan littafi. Galibi maƙaryacin ya yi suɓutar baki ne a wata jimla guda, ya faɗi abin da ba zai yiwu ba, sai mai karatu ya koma baya ya nemo ta. Kacici-kacici ne da aka yi wa rigar labari.

Akwai kuma wata matsala da kowane marubucin wannan reshe ke fama da ita: ina zai kai iyaye? Muddin babba na kusa, shi zai ɗauki ragama. Shi ya sa labaran suka cika da hutun makaranta, da tafiya wurin dangi, da manyan da aka gaya wa gaskiya suka ƙi yarda.

Suka

Ba kowa ne ya yi maraba da waɗannan littattafai ba. A 1914 Franklin Mathiews, jami'in kula da littattafai na ƙungiyar sikawut ta Amurka, ya rubuta maƙala yana zargin irin waɗannan littattafai masu arha da lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ɗakunan karatu da yawa a ƙasar sun shafe shekaru ba sa ajiye su. Ana cewa duk tafiyarsu ɗaya ce, kalmominsu kaɗan ne. Sukan da ya fi nauyi shi ne na yadda tsofaffin littattafan ke siffanta baƙi da baƙaƙen fata da talakawa a matsayin abin zargi tun daga ganin fuska. Wannan aibi ne na gaske, ya ma saɓa wa darasin nau'in kansa, wanda ke cewa kada a yanke hukunci sai da shaida. Daga 1959 aka fara sake rubuta Hardy Boys da Nancy Drew, aka cire irin waɗannan wurare, aka kuma rage babobin daga 25 zuwa 20.

Matsayinsu a karatun nishaɗi

Zargin maimaita salo kuwa, da aka duba da kyau, sai ya zama shi ne ƙarfinsu. Yaron da ya san taurarin, ya san yadda labarin ke tafiya, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen gane su wane ne. Hankalinsa na kan abin da zai faru, sababbin kalmomi kuma suna shiga ba tare da ya sani ba. Babi yana ƙarewa a daidai inda zuciya ke dukan uku-uku, sai ya ce bari ya ƙara ɗaya. Masanin harshe Stephen Krashen, a littafinsa "The Power of Reading" na 1993, ya kare ra'ayin cewa karatun da mutum ya zaɓa da kansa yana gina tarin kalmomi da iya rubutu, a wasu rubuce-rubucensa kuma ya ba masu koyon sabon harshe shawarar su lazimci marubuci ɗaya ko jeri ɗaya na wani lokaci. Keith Stanovich, mai nazarin yadda yara ke koyon karatu, ya nuna a 1986 yadda tazara ke ƙaruwa tsakanin yara: wanda karatu ya yi wa sauƙi yana ƙara yi, yana ƙara ƙwarewa, wanda ya yi wa wuya yana gudunsa, ana ƙara barinsa a baya.

Daga labaran bincike, masu karatu kan zarce zuwa labaran kasada, da na tarihi, da na ƙirƙirar kimiyya, da tarihin rayuwar mutane, wasu kuma su tsallaka zuwa labaran bincike na manya irin na Agatha Christie da Conan Doyle tun suna ƴan shekara goma sha. Ba a takarda kaɗai ake cin moriyarsu ba. Jerin Three Investigators da Robert Arthur ya fara a Amurka a 1964 ya fi samun karɓuwa a Jamus, inda marubutan ƙasar suka ci gaba da rubuta sababbi bayan an daina a Amurka, aka kuma mayar da su wasan kwaikwayo na sauraro tun 1979, wanda yaran wancan lokaci, da yanzu suka zama iyaye, ke saurara tare da ƴaƴansu.