Robert Grosseteste

Robert Grosseteste malamin addinin Kirista ne ɗan ƙasar Ingila, wanda ya riƙe muƙamin bishop na Lincoln daga 1235 har rasuwarsa a 1253.

An haife shi wajen shekarar 1170 a yankin Suffolk, a gidan talakawa. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a gidan William de Vere, bishop na Hereford, har lokacin da wannan ya rasu a 1198. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko ya yi karatu a Faris, da kuma ko ya taɓa shugabantar jami'ar Oxford. Wajen 1229 ya fara koyar da sufayen ɗarikar Faransiskan a Oxford, a wannan lokacin ne kuma aka naɗa shi babban dikon na Leicester, muƙamin da ya ajiye a 1232 bayan wata rashin lafiya.

Yankin cocin da ya gada a matsayin bishop a 1235 shi ne mafi girma a Ingila, tun daga kogin Humber har kogin Thames. Bai zauna a fada ba. Ya riƙa zagaya majami'u da gidajen sufaye da kansa, yana binciken halin limamai, ya kuma tuɓe shugabannin gidajen sufaye da dama. Da ya ce zai binciki limaman babbar majami'ar Lincoln su ma, sai suka ƙi. Rigimar ta ɗauki shekaru shida, kafin Paparoma Innocent na IV ya ba shi gaskiya a birnin Lyon a 1245.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ba da muƙaman coci ga mutanen da ba za su kula da jama'a ba. A 1250 ya koma Lyon, ya soki fadar Paparoma a gaban Paparoman. A 1253 kuma ya ƙi ba ɗan ɗan'uwan Paparoma, Frederick na Lavagna, muƙami a Lincoln. Wannan tsayin daka yana cikin abubuwan da ake tunawa da shi a kansu.

Ya koyi Girkanci bayan ya manyanta, ya fassara littafin Aristotle na ɗabi'a zuwa Latin, ya kuma yi rubutu a kan haske.

Ya rasu a Buckden a watan Oktoba na 1253, aka binne shi a babbar majami'ar Lincoln. An sha neman Roma ta sanya shi cikin waliyyai, ba a dace ba.