Tsawon Barci, Maiƙon Jini da Lafiyar Zuciya

Tsawon barci yana cikin abubuwan da likitoci ke dubawa idan suna auna haɗarin ciwon zuciya. Galibin bincike ya nuna cewa manya masu barcin awa 7 zuwa 8 a dare sun fi tsira daga toshewar jijiyoyin zuciya, yayin da masu gajeren barci da masu wuce kima suka fi fuskantar haɗari. Alaƙar barci da kolestarol kuwa, wato maiƙon da ke yawo a cikin jini, ba ta kai wannan ƙarfi ba.

Tarihin bincike

Tun wajajen 1964 wani babban nazari na Ƙungiyar Yaƙi da Cutar Kansa ta Amurka, ƙarƙashin E. Cuyler Hammond, ya lura cewa mace-mace sun fi ƙaranci a tsakanin maza masu barcin kimanin awa 7. Maganar ta ƙara nauyi a 2003, lokacin da aka bayyana sakamakon bin diddigin mata ma'aikatan jinya fiye da 70,000 a Amurka na tsawon shekara 10, inda aka ga cewa masu barcin awa 5 ko ƙasa da haka, da kuma masu awa 9 ko sama, sun fi kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya. A 2011 Francesco Cappuccio na Jami'ar Warwick a Ingila, tare da abokan aikinsa, ya tattara nazarce-nazarce 15 da suka shafi mutum fiye da 470,000. Gajeren barci ya zo da ƙarin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 48 cikin 100, dogon barci kuma da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 65. Sai a 2022 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta shigar da barci cikin ma'aunanta 8 na lafiyar zuciya, ta ba manya shawarar awa 7 zuwa 9, matakin da hujjoji suka daɗe suna goyon baya.

Kolestarol

A nan ra'ayi ya rabu. Wani nazari a Japan da aka fitar a 2008 ya danganta gajere da dogon barci da raguwar maiƙo mai amfani, HDL, a jikin mata, amma da aka haɗa nazarce-nazarce masu bin mutane tsawon shekaru a 2017, ba a ga alaƙa tabbatacciya ba.

Yadda abin yake aukuwa

Mai lafiya idan barci ya ɗauke shi, ƙarfin bugun jininsa yakan sauka da kashi 10 zuwa 20, zuciya ta samu sararawa. Wanda ya raba dare idonsa biyu, kamar mai gadi ko direban babbar mota, yana rasa wani ɓangare na wannan hutu, kuma a hankali hawan jini kan biyo baya. Rashin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, ya rage mai sa a ji ƙoshi, don haka ƙiba da ciwon suga suke samun ƙofa. Hanta ma da dare ta fi sarrafa kolestarol, shi ya sa ake ba marasa lafiya maganin rage kolestarol mai suna simvastatin su sha da yamma.

Dogon barci

Masana da dama suna ɗaukarsa alamar wata cuta da ke ɓoye, kamar ciwon damuwa ko ɗaukewar numfashi da ke tafiya da minshari mai ƙarfi, maimakon musabbabin ciwon zuciyar.