Amsa ga ɗaliban da ke gwajin raunin tayiroyid a jikin ɓeraye

Duk shekara, da zarar lokacin aikin kammala digiri ya yi, ɗalibai daga KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) da Zariya sukan iske ni nan Kaduna da tambayoyi iri ɗaya. Ku karanta wannan kafin ku bugo mini waya.

Mece ce tayiroyid?
Halitta ce a gaban wuya, mai samar da sinadaran T4 da T3. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo.

Ta yaya ake raunana ta a ɓera?
Da PTU ko methimazole (magungunan da ke hana ta samar da T4 da T3) a ruwan sha, ko tiyata, ko abinci marar aidin.

Malam, tayiroyid ɗin ɓerayena girma ta yi, na ɓata aikin ne?
Kwantar da hankalinka. Idan T4 ya faɗi, TSH, sinadarin da ke sa tayiroyid aiki, yakan hau ya riƙa tunzura ta, sai ƙwayoyinta su yi tsayi, ajiyar da ke cikinta ta ƙare. Alama ce maganin ya kama.

Na ga kitse da lalacewa a hanta, in rubuta raunin tayiroyid ne?
Kada ka yi gaggawa. Gaskiya ne raunin yana sa kitse ya taru a hanta, kolestarol ya hau a jini. Amma shi kansa PTU yana iya taɓa hanta, kuma yana da ɗaci, ɓera kan rage shan ruwa, wannan kaɗai zai iya sauya abin da za ka gani a ƙoda. In tiyata ka yi, mai yiwuwa ka haɗa da paratayiroyid, ƙananan halittun da ke jikinta masu daidaita kalshiyam a jini, ka cire, kalshiyam ya faɗi. Shi ya sa nake nacewa a ware rukunin da za a ba PTU haɗe da levothyroxine, wato T4 na magani mai maye gurbin wanda aka rasa. In hantarsu ta fito lafiya, ka samu hujjar cewa raunin tayiroyid ne. In ita ma ta lalace, to ka fi zargin PTU ɗin. Ko a hakan, sai ka duba tsawon makonnin gwajin da shekarun dabbar.

Shekaru kuma?
Ƙwarai. A jaririn ɓera mai raunin tayiroyid, ƙwaƙwalwar ƙeya ba ta kammala ginuwa a kan lokaci. Wanda aka raunana wa tayiroyid tun yana shan nono na ɗan lokaci, marainansa kan fi na sauran girma idan ya balaga. Babban ɓera ba haka yake ba.

Zan iya barin hantar zuwa gobe?
A'a! Kun yanka dabba mai rai saboda ilimi, sannan ku bar namanta ya ruɓe a zafin Kaduna? A fomalin na kashi 10 cikin 100, ruwan da ke hana nama ruɓewa, za ta shiga, nan take.