Hanyar Bright Angel a Grand Canyon da tafiyar ƙafa lokacin hunturu

Bright Angel hanyar ƙafa ce da ta alfadarai a gandun ƙasa na Grand Canyon, jihar Arizona, Amurka. Tana tashi daga bakin kwazazzabon na kudu, inda tudun ya kai kusan mita 2,100 sama da teku, ta gangara wajen kilomita 13 zuwa kogin Kolorado. Tsakanin baki da kogi akwai saukar fiye da mita 1,300. Tana cikin hanyoyin da aka fi bi a gandun, kuma a buɗe take rani da hunturu.

Tarihi

Hanyar ta bi wata tsohuwar tsagar ƙasa da ta farfasa katangun duwatsun, ta bar wurin da mutum zai iya sauka. Mutanen Havasupai, 'yan asalin yankin, su ne suka daɗe suna bin ta zuwa wani maɓuɓɓugar ruwa da ke kilomita 7 daga sama, inda suke noman masara da wake da kabewa. Sunan wurin a harshensu Ha'a Gyoh.

Wajen 1890 wasu masu neman ma'adinai, cikinsu har da Ralph Cameron da Pete Berry, suka gyara hanyar suka faɗaɗa ta. Tagulla suka zo nema, amma da jirgin ƙasan kamfanin Santa Fe ya iso bakin kudu a 1901, sai Cameron ya ga kuɗin yana aljihun baƙi. Daga 1903 ya kafa shinge yana karɓar dala ɗaya a kan kowane mai wucewa, ya kuma yi rajistar filaye da dama a kan hanyar da sunan haƙar ma'adinai. Rigima ta ɓarke tsakaninsa da kamfanin jirgin, daga baya da gwamnatin tarayya. An kafa gandun a 1919. A 1920 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kansa game da filayen. Wannan bai kawo ƙarshen maganar ba, domin a shekarar ce ya ci zaɓen Majalisar Dattawa, ya ci gaba da jan igiyar daga Washington.

Da hukumar gandun ta gaji, sai ta sare tata hanyar, South Kaibab, tsakanin 1924 da 1925, don kauce wa kuɗin wucewa. Sai a 1928 gundumar Coconino, wadda hanyar ke hannunta a lokacin, ta miƙa Bright Angel ga gwamnatin tarayya. A wannan shekarar ce kuma aka tilasta wa na ƙarshe cikin Havasupai mazauna Ha'a Gyoh ya tashi. Wurin ya yi ta amsa sunan Indian Garden har 2022, lokacin da aka mayar da shi Havasupai Gardens bisa buƙatar ƙabilar.

Wani abin da masu tarihin hanyar ba sa tsallakewa shi ne labarin 'yan'uwan nan masu ɗaukar hoto, Emery da Ellsworth Kolb. Shagonsu na bakin hanyar ba shi da ruwa mai tsabta, don haka Emery kan ɗauki hoton mahaya alfadarai da safe, ya ruga ƙasa zuwa maɓuɓɓugar ya wanke, ya hau kafin mahayan su dawo.

Suna

An danganta sunan ga John Wesley Powell, wanda ya bi kogin a 1869 kuma ya raɗa shi ga wani rafi da ke ɓangaren arewa.

Hunturu

Duk da sunan hamada da yankin yake da shi, bakin kudu yana samun dusar ƙanƙara kusan mita ɗaya da rabi a shekara, kuma daren Janairu yakan sauka ƙasa da sifili sosai. Ƙasa kuwa, wajen masaukin Phantom Ranch, da rana zafi yakan kai maki 13 zuwa 15 a ma'aunin Celsius. Mai tafiya yakan fara cikin rigunan sanyi, ya isa kogi ya tuɓe rabinsu. Wannan sauƙin ne ya sa gogaggun matafiya da yawa suka fi son hunturu, tunda a Yuli zafin ƙasan yakan wuce maki 40.

Haɗarin yana kilomitocin farko. Sashen sama yana fuskantar arewa, rana ba ta cika taɓa shi ba, sai dusar da ƙafafu da kofatai suka tattake ta daskare ta zama santsi, ta yi makonni a haka. Shi ya sa ake ɗaura sarƙa mai haƙoran ƙarfe a ƙasan takalmi, a riƙe sanduna biyu. Inda ƙanƙarar ta narke kuma taɓo ne.

Famfunan rumfunan hutu biyu na sama, a kilomita 2.4 da 4.8, ana rufe su da sanyi don kada bututu ya fashe. Na Havasupai Gardens yakan yi aiki duk shekara, sai dai idan babban bututun ya samu matsala, abin da ba baƙo ba ne. Hasken rana a Disamba bai cika kai awa goma ba, ga shi hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka, don haka wanda ya yi jinkirin juyowa zai tarar da santsin cikin duhu, da gumi a jiki, sanyi kuma yana ƙaruwa da kowane taki. Hukumar gandun tana gargaɗin kada a je kogi a dawo rana ɗaya.

Wani lokaci iska mai sanyi takan kwanta a cikin kwazazzabon, hazo ya cika shi har baki.

Ƙa'idoji

Kwana a ƙasa sai da izinin hukuma. Idan aka haɗu da ayarin alfadarai, mai ƙafa ne ke raɓewa ta gefen dutse, ya tsaya shiru har su wuce. Titin bakin arewa a rufe yake ga motoci duk hunturu.